A Labo, Kowa Ya Taɓa da Hannunsa

Daga Ɗan Barto zuwa Damagaram ba wata doguwar tafiya ba ce. Ka ba Kwangwalam da bakin iyakar Najeriya baya, ka ratsa Matamaye da Kance, ka faɗa babbar hanya a Takeita, in ka yi sammako kafin azahar kana cikin birni. Amma ga yaron da ya fara lakol a wani ƙauye na ƙasar Ɗan Barto, ya bi firamare, ya bi kolej, ya bi lise, har ya ci bak a fannin kimiyya, tafiyar ta shekara 13 ce, in bai maimaita aji ko sau ɗaya ba. A cikin shekarun nan an sayar da gyaɗa, an sayar da rake, an sayar da akuyar uwa. In kuwa yarinya ce, to ta bi hanyar da kaɗan daga cikin sa'o'inta suka samu bi, domin alƙaluman UNICEF sun daɗe suna nuna cewa kusan kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18.

Jami'ar Damagaram, wadda aka kafa a 2010 tare da ta Maraɗi da ta Tawa, kuma yanzu take ɗauke da sunan masanin tarihi André Salifou, ta kawo wa yaran wannan yanki abin da iyayensu ba su samu ba: karatun kimiyya da na lafiya ba sai an je Yamai ko Kano ba. Alheri ne babba. Sai dai akwai wani ɗaki a kowace tsangayar kimiyya inda karatun ɗalibi yake iya kuɓuce masa ba tare da kowa ya yi masa tsawa ba, ba tare da ma wani ya yi niyyar cutar da shi ba. Ɗakin nan shi ne labo, a ranar da ake aikin gwaji rukuni-rukuni, wanda ɗalibai ke kira TP. Abin da zan faɗa bai keɓanta da jami'a ɗaya ba. Ana samun sa a Yamai, ana samun sa a Kano da Zariya, ana samun sa har a Amurka inda kayan aiki suka wadata.

Ga yadda yakan kasance. Malami ya ce a kasu biyar-biyar, kowa ya nemi nasa. A kan tebur akwai doguwar kwalba siririya mai ɗan famfo a ƙasa, wadda ake sako ruwan sinadari da ita ɗigo-ɗigo. A ƙarƙashinta akwai ƙaramar kwalba mai ruwan asid da aka ɗiga wa magani mai canja launi. Aikin shi ne a yi ta ɗigawa ana kaɗawa har ruwan ya juya ya yi ja-ja mai haske, sannan a karanta a jikin doguwar kwalbar nawa aka zuba. Kafin a gama karanta takardar umarni wani ya riga ya kai hannu. Galibi ɗan birni ne da ya fito daga lise mai labo ko makarantar kuɗi. Ya taɓa yi, saboda haka ba ya ɗari-ɗari. Abokinsa ya ɗauki ƙaramar kwalbar. Sai a juya ga yarinyar da ke cikinsu, cikin ladabi ma kuwa: "Malama, ke rubutunki ya fi kyau, riƙe mana kaye." Na huɗu, yaron Ɗan Barto, yana tsaye a baya da hannuwa cikin aljihun farar riga, yana leƙe ta saman kafaɗa. Ya san lissafin, wataƙila ya fi kowa a wurin. A lise ya kwafi hoton kwalbar daga allo, har ya amsa tambaya a kanta ranar jarrabawa. Amma bai taɓa murɗa famfon ba, kuma ya ji an ce wanda ya fasa shi zai biya. Na biyar yana kan kekensa, shan inna ya taɓa ƙafafunsa tun yana ƙarami, teburin ya fi ƙarfin idonsa, sai aka ce ya jira ya danna lissafi a waya in an gama.

Bayan awa biyu ruwa ya yi ja, rahoto ya fita da suna biyar, malami ya ba da maki ɗaya ga duka. Mako mai zuwa haka za a sake, domin wanda ya yi jiya shi ya fi sauri yau, ga lokaci ƙurarre, ga wani rukuni na jira a bakin ƙofa. Tazarar da aka shigo da ita daga lise, maimakon jami'a ta rage ta, sai ta yi ta faɗaɗa ta mako bayan mako. A ƙarshen shekara uku kowa ya karɓi takardar lisans iri ɗaya.

Wanda bai taɓa aikin labo ba zai iya cewa ai kallo ma koyo ne. Akwai abin da ido ke ɗauka, babu musu. Amma akwai ilimin da yake zaune a yatsu kawai. Yadda za ka sassauta famfon har rabin ɗigo ya rataya a baki, ka taɓa shi da jikin kwalba ya sauka. Yadda za ka sunkuya idonka ya yi daidai da saman ruwan, ka karanta daga ƙasan lanƙwasarsa, domin in ka duba daga sama lambar za ta yi maka ƙarya. Yadda za ka lura da ƴar kumfar iska da ta maƙale a bakin famfo, wadda in ta fita a tsakiyar aiki ta ɓata awon gaba ɗaya. A madubin likita ma haka ne: sai ka murɗa da kanka, ka wuce wurin, ka dawo, wata rana ma ka danne gilashin ya tsage, kafin hannunka ya san inda hoto yake fitowa sarai. Babu littafin da zai ba ka wannan, kuma babu abokin da zai yi maka. Don shi aka gina labo, aka sayi kaya da kuɗin talakawa. Ɗalibin da ya shekara uku yana riƙe kaye ya shiga ɗakin, amma abin da aka gina ɗakin dominsa bai same shi ba.

Masana sun bibiyi wannan al'amari. A 2020 wasu malaman fizik na Jami'ar Pittsburgh a Amurka, cikinsu har da Farfesa Chandralekha Singh, sun wallafa abin da suka gano bayan lura da ɗalibai da tattaunawa da su: a rukunin da maza da mata suka haɗu, mata sukan ƙare a matsayin masu rubutu ko masu tsara aiki, maza kuma su riƙe na'ura. A 2020 ɗin dai wata tawaga a Jami'ar Cornell, tare da Natasha Holmes, ta ga irin wannan rabuwa a darussan da aka sakar wa ɗalibai mara su tsara gwajinsu da kansu. Abin da ya fi jan hankalina a binciken na Cornell shi ne ba a cika jin wani ya buɗe baki ya raba aikin ba. Kowa kawai ya zame zuwa inda ya saba tsayawa. To in haka ta faru a can, ina ga nan, inda muka tarbiyyantar da ɗiya mace a kan kunya da kawaici, muka koya wa ƙarami kada ya riga babba kai hannu, kuma ɗan ƙauye ya shigo birni yana jin kowa ya fi shi wayewa? Tarbiyyar nan tana da kyau a wurinta, ni ma a cikinta na tashi kuma ba na ƙyamarta. Amma in malami ya ce "ku raba aikin da kanku", tarbiyyar ce za ta raba, kuma kullum mutum ɗaya za ta ba famfon.

Abin bai tsaya ga ɗalibin shi kaɗai ba. Mutanen Maraɗi ba su manta da Tibiri ba, inda ruwan wata rijiyar burtsatse da aka fara sha a tsakiyar shekarun 1980 yake ɗauke da sinadarin fulorayid fiye da kima, har yara masu yawa suka tashi da haƙora masu tsatsa da ƙasusuwa a lanƙwashe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a kowace lita. Ruwan da ya wuce wannan iyaka garai-garai yake a ido, ba ya wari. Awo ne kaɗai ke tona shi, awo kuma hannu ke yinsa. Haka gubar da ke kama gyaɗa in ta sha laima a rumbu, haka ɗigon jinin da ake shimfiɗawa a gilashi a nemi ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, haka ingancin man da ke fitowa daga matatar SORAZ da aka buɗe a arewa da Damagaram a 2011. Duk waɗannan suna jiran mutanen da hannunsu ya faɗa.

Akwai kuma wata asara da ba a cika lissafawa ba. Wa zai koma Ɗan Barto ko Matamaye ya koyar da kimiyya a kolej? Da wuya ya zama ɗan birnin nan mai saurin hannu. Mafi yawa wanda ya tsaya a baya ne zai koma, ko yarinyar da ta riƙe kaye. In suka koma ba su taɓa yin gwaji da kansu ba, ko an kawo wa makarantarsu akwatin kayan gwaji zai zauna a kulle a ofishin darakta, su ci gaba da zana kwalba a allo. Ɗalibansu su zo jami'a su tsaya a baya.

Na san amsar da malamai za su bayar, kuma ba amsar banza ba ce. Ɗalibai sun yi yawa, kaya kaɗan ne, sinadarai na da tsada kuma daga waje ake kawo su, wuta na ɗaukewa a tsakiyar aiki, shekarar karatu kan cakuɗe da wata. Malami ɗaya da mataimaki ɗaya ba za su tsaya a kan kowane tebur ba. Gaskiya ne. Amma ƙarancin kayan shi ne ma dalilin da ya sa ba za a bar rabonsu ga mai ƙarfin hali ba. Manomanmu sun san wannan a gayya: ba a cewa jama'a su faɗa gona kowa ya yi yadda ya ga dama. Ana jera mutane, kowa da layinsa, mai gona yana zagayawa, kuma layin da ba a nome ba kowa yana ganinsa. Labo na buƙatar irin wannan tsari, kuma mafi yawansa ba ya cin ko dala.

Abu na farko, malami ne zai haɗa rukuni, ba abota ba. In aka bar ɗalibai su zaɓa, ƴan lise ɗaya za su dunƙule, waɗanda suka rage su haɗu a kusurwa babu mai ja musu gora. Sannan kada a ce za a yi adalci a watsa ƴan mata ɗaya-ɗaya cikin kowane rukuni. Binciken da Nilanjana Dasgupta da abokan aikinta suka wallafa a 2015, a kan ɗaliban injiniya a Jami'ar Massachusetts, ya nuna mata sun fi sakin jiki da yin magana a rukunin da suke da yawa a cikinsa fiye da inda suke tsiraru. In ƴan mata takwas ne a aji mai rukuni takwas, gara a sa su biyu-biyu ko uku-uku, wasu rukunan su zama na maza zalla. A wurinmu wannan yana warware wata matsala ta daban: yarinyar da ba ta son cusa kanta tsakanin kafaɗun maza huɗu a kan tebur ɗaya ba ta yi laifi ba, kuma bai kamata kamun kanta ya zama sanadin rasa karatunta ba.

Na biyu, a rubuta wanda zai yi me, kuma ya riƙa juyawa. Wanda ya riƙe famfo yau, mako mai zuwa shi ne mai kaye. Gwajin da ake maimaitawa sau uku, kamar na ɗiga sinadari, a sa hannu uku daban su yi, kowane awo da sunan mai shi a gefe. Za a ga lambobin sun ɗan bambanta, kuma tattauna dalilin bambancin shi kansa darasi ne da ya fi samun amsa ɗaya mai kyau. Tun 1971 Elliot Aronson ya gwada wata dabara a makarantun garin Austin na jihar Texas, lokacin da aka fara haɗa yara farare da baƙaƙe da ƴan asalin Meziko a aji ɗaya ana ta rikici: ya ba kowane yaro wani yanki na darasi wanda shi kaɗai ya sani, rukuni ba zai kammala ba sai ya saurare shi. A labo wannan yana da sauƙi. A ware mutum ɗaya daga kowane rukuni a nuna masa ma'auni, wani a nuna masa madubi, su koma su koya wa sauran. Yaron da jiya yake leƙe ta kafaɗa, yau shi ake tambaya.

Amma duk wannan ba zai zauna ba muddin maki yana kan rahoto kaɗai. Ɗalibi ba wawa ba ne. Abin da ake aunawa shi yake bi. In rahoto ne ke kawo maki, dole rukuni ya miƙa kaya ga wanda ya fi sauri, kuma ban ga laifinsu ba. A ware wani kaso na makin ga hannun kowane mutum. Minti biyar sun isa: "Zo ki cika kwalbar nan ki karanta mini." "Kai, saita madubin nan ka nuna mini ƙwayar albasa." Ko kuma a ƙarshen kowane zama malami ya zaɓi suna ɗaya da ƙuri'a, wanda ya faɗo shi zai yi bayanin abin da rukuni ya yi. Daga ranar da ɗalibai suka san haka, mai saurin hannun nan da kansa zai ja abokinsa ya ce zo ka gwada. Wasu za su ce ana ja wa haziƙai baya. Ban yarda ba. Wanda ya koya wa wani yadda ake fitar da kumfa daga famfo ya ƙara sanin abin, kuma gobe a wurin aiki ba shi kaɗai zai zauna ba.

Maganar fasa kaya kuwa a faɗe ta a fili tun ranar farko. In akwai tara, a bambanta ganganci da kuskuren mai koyo. Yaron da bursinsa ke ciyar da shi har ya aika saura gida ba zai taɓa gilashin da yake jin ya fi kuɗin abincinsa na wata ba. Kuma kafin a fara TP na shekarar farko, a buɗe labo yini ɗaya ko biyu babu maki, da ruwan famfo kawai, duk wanda bai taɓa ba ya zo ya zuba, ya zubar, ya sake.

Sai harshe, wanda a nan Nijar ba ƙaramin abu ba ne. A kan tebur, wanda Faransancinsa ya fi santsi shi ke da bakin magana, ko da ba shi ya fi fahimta ba. Yaro yana ganin an yi kuskure, amma kafin ya gina jimlar a ransa, ya tabbatar ba za a yi masa dariya ba, an wuce wurin. Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, masanin fizik da ya yi suna a binciken makamashin rana kuma jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi kira tun a littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka da a koyar da yara cikin harsunansu. A Damagaram ɗin nan aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973, kuma kundin tafiyar da ƙasa da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. To me zai hana malami ya faɗa da bakinsa cewa a kan tebur a yi muhawara da harshen da aka fi ganewa, rahoto kuma a rubuta da Faransanci? Sharaɗi ɗaya ne, kuma mu Hausawa ya fi kama: ajin Damagaram yana da Barebari, da Fulani, da Buzaye, da Tubawa, da Zabarmawa, wani lokaci da baƙi daga wasu ƙasashe. In hira ta koma Hausa alhali akwai wanda ba ya ji sosai, mun yi masa abin da muke kuka an yi mana. Rukuni ya tambaya tun farko, ya tsaya a kan harshen da kowa ke bi.

Akwai ƙananan abubuwa da ke korar mutum ba a sani ba. Dogon hijabi mai santsi kusa da wutar gwaji haɗari ne na gaske, domin irin wannan yadi yana narkewa ya manne a fata. Maganinsa gajeren hijabi na auduga da ake cusawa cikin farar riga, a sanar tun kafin ranar, ba a ce wa yarinya ta ja baya ta bar wa maza wuta ba. Ɗalibar da ke da juna biyu ko take shayarwa tana da haƙƙin sanin sinadaran da za su iya cutar da ita, a keɓe, daga bakin wanda za ta iya yi wa magana ba kunya, sannan a ba ta wani gwajin a madadinsa. Rahoton da ake haɗuwa a rubuta bayan isha'i a ɗakin kwanan samari, a kan kwamfutar mutum ɗaya, ya riga ya fitar da matar aure da yarinyar da ke zaune gidan kawunta. A bar rabin awa na ƙarshen zama don a fara rubutun a cikin labo, kuma a karɓi rubutun hannu.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa tun 2008. A labo, wannan amincewa tana farawa ne da tebur ɗaya gajere wanda keke zai shiga ƙarƙashinsa, abin da kowane kafinta ko mai walda a Damagaram zai iya yi, da gangara a bakin ƙofa. Mai matsalar ji a ba shi umarni a rubuce, a fuskance shi in ana magana. Har makanta ba ta rufe ƙofar kimiyya: Geerat Vermeij, wanda ya makance yana ɗan shekara uku, ya zama farfesa a Jami'ar California da ke Davis, kuma da yatsunsa yake nazarin ƙwanson halittun ruwa har ya zama jigo a fanninsa. Abin da ya fi dacewa shi ne a tambayi ɗalibin kansa: "Wane ɓangare za ka iya, me kake buƙata?" Ya fi kowa sanin jikinsa, kuma sau da yawa abin da zai nema bai kai abin da ake tsoro ba.

Shugabannin sassa za su iya fara wannan a zangon karatu mai zuwa ba tare da jiran kasafi daga Yamai ba. A cikin kowane labo akwai mutumin da ya fi kowa sanin gaskiyar abin da ke faruwa, wato ma'aikacin da ke shirya kaya da wanke kwalabe, wanda ba a cika neman ra'ayinsa ba. A ba shi takarda shafi ɗaya a kowane zama, sunayen ɗalibai a gefe, kayan aiki a sama, ya sa alama ga duk wanda ya taɓa. A tsakiyar zango malami ya zauna da shi su duba sunayen da babu alama a gabansu, kuma waɗannan su za su fara kai hannu a zama na gaba.